Tausaya wa Kai

Tausaya wa kai, a ilimin halayyar ɗan'adam, shi ne mutum ya yi wa kansa irin sassaucin da zai yi wa amininsa idan ya gaza, ya yi kuskure, ko wahala ta same shi. Tunanin ya daɗe a koyarwar addinin Buddha, amma Kristin Neff, malama a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka, ita ce ta tsara yadda za a auna shi a shekarar 2003, da ma'auni mai tambayoyi 26.

Neff ta kasa shi gida uku: kyautata wa kai maimakon yi wa kai tsawa, tuna cewa tuntuɓe ba a kanka farau ba, da kallon damuwa yadda take, ba a danne ta ba, ba a kuma bari ta haɗiye mutum ba. Ɗaliba da ta faɗi jarrabawa kan kwana tana cewa, "Ni dai ban da amfani." Da ƙawarta ce ta faɗi, ba za ta taɓa furta mata haka ba. Wannan tazara ita ce abin da fannin ke son cikewa.

Zargin lalaci

Sukar da aka fi yi ita ce wai mai tausaya wa kansa zai sakankance. Bincike bai goyi bayan haka ba. A 2012, Juliana Breines da Serena Chen na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ba ɗalibai gwajin kalmomi mai wuya. Waɗanda aka tunatar su sassauta wa kansu sun fi daɗewa suna bita kafin gwaji na biyu. Dalilin a fili yake: wanda ba ya tsoron hukuncin zuciyarsa yana iya duban kuskurensa ido da ido.

Paul Gilbert, masani ɗan Ingila, ya bayyana cewa yawan zargin kai yana tayar da tsarin da ke shirya jiki don haɗari, sai bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya ƙi kwanciya, alhali ba wani maƙiyi a waje.

Hutu

A nan ne batun ke sauka ƙasa. Mutane da yawa suna jin kamar sun yi laifi idan suka huta, sai su jira har jiki ya kayar da su. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar ƙarfi a wurin aiki a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, mai alamu uku: gajiya liƙis, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Abin takaici, masu himma ne sau da yawa ke faɗawa ciki.

Babban mutum yana buƙatar barcin aƙalla awa 7 a dare. Idan barci ya yi ƙaranci, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da barazana yakan ƙara zafi, ƙaramar magana ta zama babba. Kwanciya da waya a hannu har tsakar dare kuwa ba hutu ba ne, domin tunani bai sauke kayansa ba.

Tausaya wa kai ba ya maye gurbin magani. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu, har ya taɓa ci ko barci, yana buƙatar ganin likita.