Hotuna Masu Kama Da Juna: Wanne Za A Ɗauka, Wanne Za A Goge?

Na danna kyamara sau da yawa a jere, hotunan sun fito kamar an tsaga kara. Daga ina zan fara?

Daga ido. Kada ka yanke hukunci a ƙaramin allon kyamara ko na waya, domin a can kusan kowane hoto tas yake fitowa. Ka buɗe su a kwamfuta, ka zuƙo zuwa kashi 100, ka dubi idon da ya fi kusa da kyamara. Idan gashin ido ya rarrabu ɗaya bayan ɗaya, ɗigon hasken da ke ƙwayar ido kuma bai watse ba, wannan hoton ya samu shiga.

Duk dishi-dishi iri ɗaya ne?

A'a. Idan kunne ko bangon baya ya fito rangaɗau amma ido ya yi laushi, kyamara ce ta saita wurin da ba a so. Idan kuwa ko'ina ya ja gefe guda, hannu ne ya motsa. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce, da gilashin kyamara (lens) mai milimita 50 kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/50 na daƙiƙa. Dokin da ke sukuwa a Hawan Daushe kuwa, sai an kai wajen 1/1000.

To, batun haske fa?

Nan ne aka fi yin asara, kuma abin yana damuna. Hasken allo yana yaudara, shi ya sa ake duba histogiram, wato jadawalin da ke nuna yadda haske ya bazu a hoto. A hoton JPEG matakan 256 ne: 0 baƙi ƙirin a hagu, 255 fari fat a dama. Idan tulin ya je ya manne da bangon dama, wani wuri ya ƙone.

Ɗauki misalin ango cikin farar shadda da tsakar rana. Idan aka buɗe haske don fuskarsa ta fito, babbar rigar kan koma fari fat, aikin aska takwas da maɗinki ya sha wahala a kansa ya ɓace, ko zare ɗaya ba a gani. Don haka ka zuƙo wuyan rigar a kowane hoto. Wanda zaren aikin ya fito a cikinsa shi za ka riƙe, ko da fuskar ta ɗan yi duhu.

Me ya sa duhun ya fi sauƙi?

Saboda ana iya ɗago shi a Lightroom, manhajar gyaran hoto, ko makamancinsa, sai dai ya zo da ɗan tsakuwa-tsakuwa, musamman idan ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, ya yi sama. Farin da ya ƙone kuwa babu komai a cikinsa da za a dawo da shi. Masu ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, sun fi samun sarari, amma su ma da iyaka.

Idan wanda ya fi kaifi shi ne wanda amarya ta rufe ido?

Goge shi. Ni dai na fi son murmushi na gaskiya mai ɗan laushi a kan fuska a murtuke mai kaifi, muddin ba za a wanke hoton ya zama babba na ratayewa a bango ba.

Zan iya tantancewa da waɗanda aka turo mini ta WhatsApp?

Kada ka yi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci. Ka ce a turo maka su a matsayin fayil, ko a kwafo maka kai tsaye daga katin kyamara.