Soja ya zagaye wurin haɗari: wannan ba dokar ta-ɓaci ba ce

Tun bayan gobarar tankar mai a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a daren 15 ga Oktoba 2024, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 150, ake ta tura saƙonnin murya a WhatsApp. Wai yanzu duk inda mai ko wani sinadari mai guba ya zube, soja ne zai karɓe garin, a ture hakimi da ciyaman gefe, wanda kuma ya matso da jarka a harbe shi. Masu turawa suna cewa ai doka ce. Babu dokar da ta faɗi haka.

Maganar tana sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999. Cikin ayyukan da ya lissafa wa soja akwai taimaka wa hukumomin farar hula su maido da doka da oda, idan shugaban ƙasa ya kira su. Taimako aka ce, kuma mai taimako ba shi ne mai aiki ba. Masu aikin su ne hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha, 'yan kwana-kwana, 'yan sanda, sibil difens da ma'aikatan lafiya. Idan abin ya shafi tururin nukiliya, akwai hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya a ƙasar nan. A tsarin NEMA an keɓe wasu rukunan soja a barikoki domin kai ɗauki, saboda su ke da manyan motoci da jirage da yawan hannu.

Inda mutane ke rikicewa shi ne wannan "idan shugaban ƙasa ya kira su". Wasu sun ɗauka sai an ji sanarwa daga Abuja a rediyo kafin mota ta fito daga barikin Bukavu da ke Kano, don haka sojan da ya zo ba sanarwa ɗan karambani ne. Wasu kuma sun ɗauka tunda da sunan shugaban ƙasa suka zo, to an sa dokar ta-ɓaci ke nan. Duka biyun kuskure ne. Sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa damar miƙa wa hafsoshi ikon sarrafa dakaru, don haka ba kowace fita ce sai ya yi magana da bakinsa ba. Ita kuwa dokar ta-ɓaci hanyarta daban, tana sashe na 305: sai an buga shela a jaridar gwamnati, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya su amince cikin kwana 2 idan suna zama, ko kwana 10 idan suna hutu. In ba a yi haka ba, ciyaman yana nan a kujerarsa, dagaci yana nan da rawaninsa, kotu kuma a buɗe take.

A Amurka akwai ƙananan rundunoni 57 na sojojin ko-ta-kwana, kowace da mutum 22, aikinsu gano irin gubar da ta zube su faɗa wa jami'in farar hula da ke jagorantar aikin, kuma gwamnan jiha na iya kiransu. A nan gwamnan Jigawa ko na Kano sai dai ya roƙa, ba ya ba soja umarni. Ni dai ina ganin wannan nisa ne ga ƙauyen da abu ya same shi da tsakar dare.

Me ya sa ake killace wuri tun farko? Fetur ko ba komai ana jin warinsa. Akwai abin da ba shi da wari ko hayaƙi. A 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, masu tsintar ƙarfe suka ɓalle wata na'urar gashin ciwon daji daga asibitin da aka daina amfani da shi, suka sayar wa ɗan gwangwan. Hodar da ke ciki, mai fitar da tururin nukiliya, tana sheƙi shuɗi a duhu, har aka riƙa nuna wa 'yan uwa da maƙwabta. Mutum 4 suka mutu, kusan 250 suka gurɓata, aka gwada fiye da 100,000. Duk mai ɗan'uwa a sana'ar jari-bola ya san yadda ƙarfe ke yawo hannu zuwa hannu a ƙasar nan.

Sai batun hukunci. Tsallaka shingen da jami'ai suka sa, ko hana su aiki, laifi ne da kotu za ta duba. Amma farar hula ba ya zuwa kotun soja. Idan soja ya kama mutum, 'yan sanda zai miƙa wa, kuma sashe na 35 ya ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ɗibar mai a kwata wauta ce mai kisa, amma ba laifin harbi ba ne. Wannan a takarda ke nan. Kowa ya san ba a yi wa mai bindiga gardamar sashe a bakin titi, shi ya sa ya fi kyau mai unguwa ya zama shi ne bakin jama'a a wurin.

Abin da ya fi damuna ba ya cikin saƙonnin muryar ma. Sashe na 44 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum sai da diyya, amma ya togace dukiyar da ta zama haɗari ga lafiyar mutane, dabbobi ko tsirrai. Manomin da guba ta malala cikin gonarsa ana gab da girbin gero, aka ce kada ya taɓa, ba shi da tabbacin diyya daga wannan sashe. Abin da ya rage masa shi ne tallafin hukumar agaji, ko ya bi mai tankar kotu, da kuɗin lauyan da ba shi da su.