Data, sabis da jita-jitar 5G: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk wanda ya saba zama a majalisa bayan sallar isha'i, ko ya taɓa jiran mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ya san cewa ba a daɗewa ana hira ba tare da wani ya kawo kukan data ko na sabis ba. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen nan gaskiya ne tsagwaronta, wasu kuma gaskiya ce da aka cakuɗa da zato. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda na fi ji a bakin jama'a.

Shin gaskiya ne kamfanonin waya suna shanye wa mutane data?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zafi, domin ta shafi aljihu. Mutum ya sayi data da yake sa ran za ta kai shi ƙarshen wata, sai ya wayi gari a mako na biyu an aiko masa da saƙo cewa ta kusa ƙarewa. Kafin a ɗora laifi a kan kowa, ya kamata a fahimci cewa data ma'auni ce ta yawan bayanan da suka shiga wayarka ko suka fita daga cikinta, ba ta lokacin da ka shafe kana riƙe da ita ba. Saƙon rubutu na WhatsApp bai taka kara ya karya ba; dubbansa ba za su ci abin da bidiyo guda na minti biyar zai ci ba. Bidiyo shi ne babban maciyin data: awa guda ta kallo da hoto matsakaici tana iya cin kusan gigabait 1, idan kuma hoton mai tsananin kyau ne, tana iya kai gigabait 3.

Abin da ke rikita mutane shi ne al'adarsu ta kallo ba ta canza ba, amma wayar da ke hannunsu da layin da take hawa sun canza. Manhajoji irin su YouTube da TikTok da Facebook suna auna saurin layinka, idan suka ga yana da ƙarfi sai su ɗaga kyan hoton da kansu ba tare da sun tambaye ka ba. Saboda haka bidiyon da ka kalla a kan 3G shekaru biyar da suka wuce, idan ka sake kallonsa yau a kan 4G da waya mai faffadan gilashi, zai ci ninkin abin da ya ci a wancan lokaci. Ga kuma abubuwan da ke faruwa a ɓoye: manhajoji suna sabunta kansu, hotunan da ka ɗauka suna hawa rumbun ajiya na intanet, bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa suna sauka ko ba ka buɗe su ba, sannan TikTok yana sauke bidiyo na gaba kafin ka gama na gabanka, ko da za ka tsallake shi.

Wannan bai wanke kamfanoni tas ba. Akwai mutanen da aka sanya wa layinsu wani tsari na biyan kuɗi da ba su nema ba, akwai kuma garaɓasar da ake tallata ta da manyan lambobi alhali rabinta ba ta aiki sai tsakar dare ko a kan manhaja guda. Wannan ƙorafi ne mai tushe, kuma a ganina rashin fayyace sharuɗɗa da harshen da mai saye yake ji shi ne babban laifin da ake yi wa talaka a wannan harka.

Ta yaya mutum zai tabbatar da kansa inda datarsa ta tafi?

Kowace waya ta zamani tana da wurin da take nuna adadin da kowace manhaja ta ci, a cikin saitin sadarwa. Ka daidaita lissafin ya fara daga ranar da ka sayi data, ka riƙa kwatanta shi da abin da kamfani ya ce ya rage maka; a Najeriya, tun 2023 lambar duba ragowar data iri ɗaya ce a dukkan layuka, wato *323#. Idan ka ga giɓi mai yawa tsakanin lissafin biyu, ka fara kai kuka ga kamfanin ta lambar 300, ka karɓi lambar shaidar ƙorafinka. Idan ba su share maka hawaye ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da layin 622 na kyauta domin irin wannan.

Me ya sa kuɗin kira da na data suka tashi?

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan sun nemi a ninka shi gaba ɗaya. Hujjar da aka bayar ita ce tsarin farashin bai motsa ba tun 2013, alhali komai ya tashi. Akasarin turakan sadarwa a ƙasar nan da janareta mai shan man dizal suke kwana suke tashi, saboda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kuma kusan duk na'urorin da ke kansu da dala ake sayo su. Dalar da take kimanin naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2025. Lissafin kamfanonin yana da ƙamshin gaskiya, amma mai sayen data shi ma da wannan nairar da ta karye ake biyansa, kuma yana da haƙƙin ya tambaya ko ingancin sabis ya ƙaru daidai da ƙarin da aka yi masa.

Wayata tana nuna sabis a cike, amma intanet ba ya tafiya. Ina matsalar take?

Sandunan da kake gani a saman waya suna faɗa maka abu guda ne kawai: ƙarfin alaƙar da ke tsakanin wayarka da turken da ya fi kusa da kai. Ba su san abin da ke faruwa bayan turken ba. Shi turken yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, kuma duk waɗanda ke kewayensa rabawa suke yi, kamar famfo guda a unguwa. Shi ya sa layin da yake gudu da asuba yake rarrafe da ƙarfe tara na dare, shi ya sa kuma kira ke wahalar shiga a filin idi ko ranar kasuwa.

Daga turken, bayanai suna shiga wayar faiba, wato zaren gilashi siriri kamar gashi wanda haske ke gudana a cikinsa, an binne shi a gefen manyan hanyoyi tun daga Arewa har Legas. Duk lokacin da motar haƙa ta masu aikin titi ta tsinke shi, ko ɓarayi suka tone shi da zaton tagulla ce, garuruwa da dama suna iya rasa intanet alhali turakansu lafiya ƙalau suke. Daga bakin teku kuma sai manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa su ɗauka zuwa Turai: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, sai Equiano na kamfanin Google da ya iso Legas a 2022.

Mutane da yawa ba su san da waɗannan wayoyi ba sai ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun da ke gabar Kwaddibuwa. A ranar, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin wasu bankuna suka tsaya, masu POS suka yi zaune, kuma gyaran ya ɗauki makonni domin sai da jiragen ruwa na musamman suka zo suka ciro wayoyin daga ƙasan teku. Ɗan kasuwar da ya kasa tura kuɗi a Kantin Kwari a wannan rana, abin da ya tsayar da shi ya faru ne a wuri mai nisan fiye da kilomita 1,000 daga shagonsa. Jamhuriyar Nijar kuwa, da yake ba ta da gaɓar teku, dole faibarta ta ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ta kai ga waɗannan wayoyi, don haka matsalar maƙwabci takan zama tata.

Me ya sa har yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis?

Kamfani yana kafa turke ne inda yake ganin kuɗin zai dawo. Turken da ke ƙauye mai nisa yana shan man dizal daidai da na birni, kai masa man ma ya fi tsada, amma masu amfani da shi kaɗan ne kuma ba su sayen kati mai yawa. Akwai kuma kuɗin da jihohi ke karɓa kafin su bari a binne faiba a gefen titinsu. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, amma an daɗe wasu jihohi suna karɓar ninkin-ba-ninkin haka, yayin da Kaduna ta yafe shi baki ɗaya a 2020. Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin, domin injiniya ba zai shiga dajin da ake sace mutane don ya gyara janareta ba. A watan Satumban 2021 ma gwamnati da kanta ta sa aka rufe sadarwa a jihar Zamfara, daga baya aka haɗa da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, da nufin katse hulɗar 'yan bindiga. Mutanen yankin sun ɗanɗana kuɗarsu: wanda yake son ya ji muryar ɗansa ko ya karɓi kuɗin da aka turo masa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha.

Shin 5G tana cutar da lafiya, kuma ita ce ta kawo korona?

Batun korona tarihi kaɗai ya isa ya warware shi. An tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ba a yi gwanjon lasisin 5G ba sai a watan Disambar 2021, inda kamfanonin MTN da Mafab suka yi nasara, kuma ba a fara sayar wa jama'a ita ba sai a 2022. Cutar ta yaɗu a garuruwan da ko 4G ba ta kai ba, kuma ƙwayar cuta ba ta hawa igiyar rediyo.

Tambayar lafiya kuwa ta cancanci a amsa ta da natsuwa, domin wanda aka kafa wa turke a bayan ɗakinsa ba laifi ba ne ya damu. Waya tana magana da turke ne ta igiyoyin rediyo, dangin waɗanda suke kawo mana labarai a akwatin rediyo shekara da shekaru. Hasken da ke da haɗari ga ƙwayoyin halittar jiki shi ne mai ƙarfin da zai iya karya su, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Zangon da 5G take amfani da shi a Najeriya, gigahaz 3.5, ya gaza na hasken da ido yake gani sau fiye da 100,000, shi kuwa hasken fitila ba ya karya ƙwayar halitta. Abin da aka tabbatar igiyoyin rediyo suna yi wa jiki shi ne ɗumamawa idan sun yi yawa ƙwarai, kuma saboda haka aka sanya iyakar ƙarfin da waya da turke za su fitar.

Masu yaɗa tsoro sukan kafa hujja da cewa a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar. Haka ne an yi, amma ma'anar wannan rukuni ita ce shaidar da ake da ita ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2024 an wallafa wani babban nazari da hukumar ta ɗauki nauyi, wanda ya tattara bincike fiye da 60, kuma bai sami alaƙa tsakanin amfani da wayar salula da ciwon dajin ƙwaƙwalwa ba. Haɗarin waya da na tabbata da shi, wanda nake gani da idona kullum, shi ne na direba ko ɗan acaɓan da yake danne-danne a kan titi.

Starlink zai kawo ƙarshen wahalar sabis?

Najeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da Starlink, wato sabon intanet na tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023. Bambancinsa da intanet ɗin tauraron ɗan'adam na da shi ne kusanci: tsofaffin taurarin suna can sama da nisan kimanin kilomita 36,000, saƙo yana ɗaukar fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, su kuwa na Starlink dubbai ne da suke zagaye a nisan kimanin kilomita 550. Ga asibiti ko makaranta ko ofishin da ke wurin da faiba ba ta kai ba, wannan babban sauƙi ne. Amma faifan karɓar sabis ɗin da kuɗin wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje, yana buƙatar wuta a tsaye, ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi, kuma shi ma rabawa ake yi, don haka a unguwar da masu shi suka yi yawa saurinsa yana raguwa. Inda na fi ganin amfaninsa shi ne a sayi guda a raba wa jama'a da yawa a wuri ɗaya.

Barin waya a caji har gari ya waye yana kashe batir?

Wayoyin yanzu suna yanke caji da kansu idan batir ya cika, don haka kwana a caji ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin da ya fi saurin tsufar da batir shi ne zafi, kuma mu muna da shi har ya yi yawa: waya a kan gaban mota da rana a watan Afrilu, ko a ƙarƙashin matashi tana caji, ko a jibge da wasu ashirin a shagon mai caji kusa da janareta. Sai kuma caja ta jabu wadda ba ta daidaita wutar da take turawa, da barin batir ya mutu murus a kai a kai. Idan ka ga bayan wayarka ya fara ɗagowa, batir ne ya kumbura; kada ka danne shi, kada ka huda shi, kada ka ƙara sa shi a caji, ka kai wa mai gyara ya canza shi a ranar.