Abin da Ya Kamata a Tanada Kafin a Kawo Kyanwa Ta Zauna a Ɗaki

A gidajenmu na da, kyanwa ita ke riƙe da kanta. Takan hauro katanga ta shigo, ta kama ɓera a ɗakin hatsi, ta sha ruwa a gindin randa, ta tona ƙasa a bayan gida ta yi kashinta ta binne, kuma babu wanda yake tambayar inda ta kwana. A 'yan shekarun nan kuwa, mu da muke aikin lafiyar dabbobi a nan Zariya muna ganin ɗalibai a Samaru da Kwangila, da amare a gidajen haya na Hanwa da Tudun Wada, suna neman kyanwar da za ta zauna tare da su a ɗaki, ba ta fita ko nan da ƙofa. Ina ganin wannan abu ne mai kyau, domin kyanwar da ba ta yawo ta tsira daga mota da kare da faɗan muzurai da jifan yara. Sai dai ranar da mutum ya rufe ƙofa da kyanwa a ciki, duk abin da take nema wa kanta a waje, daga abinci har wurin ba-haya, ya dawo wuyansa.

Addininmu bai bar wannan magana a buɗe ba. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. A wani hadisin kuma an bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-da-kawowa a tsakanin mutanen gida. Saboda haka ajiye ta halal ne, amma tsare ta amana ce, kuma amanar tana da tsawo, domin kyanwar ɗaki da ta samu kulawa takan kai shekara 12 zuwa 15, wata ma ta zarce. Ɗalibin da ya ɗauko 'yar kyanwa a shekararsa ta biyu a jami'a ya tambayi kansa wanda zai ciyar da ita idan an tafi dogon hutu, da inda za ta koma idan ya kammala karatu. Mai zaman haya ya fara jin ta bakin mai gida, musamman idan maƙwabta suna kiwon tsaki ko tantabaru.

A kuma duba lafiyar mutanen gidan. Akwai masu cewa haɗiye gashin kyanwa yana kawo tarin fuka, amma tarin fuka yana yaɗuwa ne ta iska daga mutumin da yake ɗauke da shi. Abin da yake gaskiya shi ne, akwai wani sinadari a yawun kyanwa da fatarta wanda jikin wasu mutane ba ya so, yana sa su atishawa da ƙaiƙayin ido, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Idan akwai mai asma a gidan, ya je ya zauna na 'yan sa'o'i a gidan da ake da kyanwa ya ga yadda jikinsa zai karɓa kafin a yanke shawara. Mace mai ciki kuma kada ta riƙa kwashe kashin kyanwa da hannunta, saboda wata ƙwayar cuta da ake kira toksofilasma, wadda ke iya cutar da abin da ke cikinta. Wannan ba dalili ba ne na korar kyanwa, domin ƙwayar cutar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar a cikin kashin kafin ta iya kama mutum, don haka idan wani a gidan yana kwashewa kullum yana wanke hannu da sabulu, an rage haɗarin sosai.

Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako 8. Yawancin waɗanda ake kawo mana suna zawo sun rame, an ɗauko su ne tun suna mako 3 ko 4 don sun fi ban sha'awa a lokacin. A wajen uwa take samun nonon da ke kare ta daga cuta, a can kuma take koyon binne kashinta da wasa ba tare da cizo mai zafi ba. Idan an je ɗauka, a duba idanu su zama garau babu kwantsa, hanci babu majina, kunne babu baƙin datti, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo, fata kuma babu wurin da gashi ya zube ya yi da'ira, domin wannan alamar maƙero ce, kuma yana kama yara. Masu sha'awar irin masu dogon gashin nan da ake tallatawa a Facebook da Instagram su sani cewa suna buƙatar taza kusan kullum, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe ya ja fata, kuma zafin Maris da Afrilu yana wahalar da su fiye da kyanwarmu ta gida.

Abu na farko da za a tanada, tun kafin kwanon abinci, shi ne wurin ba-haya. A samu faffaɗar roba wadda kyanwa za ta iya juyawa a cikinta, a zuba busasshen yashi da aka tankaɗe, kaurinsa ya kai kamar tsawon ɗan yatsa, a ajiye a lungun da babu hayaniya, nesa da inda take cin abinci. Wanda yake da hali yana iya sayen yashin kanti da aka yi don haka, wanda ya fi riƙe wari. A kwashe kashi da jiƙaƙƙen yashi kowace rana, a zubar da duka a wanke robar da ruwa da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako. A guji wanke ta da irin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ke mayar da ruwa fari kamar madara, domin da yawansu guba ne ga kyanwa, wadda ke lashe ƙafarta bayan ta taka wurin. Idan kyanwa ta fara fitsari a kan katifa ko darduma, ba mugunta ba ce, kuma duka ba ya gyara ta. Ko dai robar ta yi datti, ko an ajiye ta a wurin da take jin tsoro, ko kuma tana da ciwon mafitsara. Mai kyanwa biyu ya ajiye roba uku.

Kyanwa halittar cin nama ce, kuma a nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin kuskure. Wadda ke yawo tana iya lasar tuwo a gida ta je ta cike giɓin da ɓera da ƙadangare, amma wadda aka tsare a ɗaki ba ta da wannan dama. Jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin wanda ake samu a nama, kuma rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya a hankali, ba tare da mai ita ya lura ba. Abincin kanti da aka haɗa musamman don kyanwa ya fi sauƙin cika mata buƙata, kuma na kare ba ya maye gurbinsa. Wanda zai dafa da kansa ya ba ta dafaffen nama ko kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya, da dafaffen ƙwai wani lokaci, babu gishiri babu yaji, ya kuma nemi shawarar likitan dabbobi kan abin da zai ƙara, domin tsoka zalla ba ta ishi ƙashin mai tasowa ba. Ragowar miya da romo ba nata ba ne, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininta. Madarar shanu ma, duk da yadda take sonta, takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Ƙarama tana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, babba sau biyu, ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke mata dare da rana.

Wata safiya wata baiwar Allah ta zo mana da 'yar kyanwa a cikin kwali, an naɗe ta da tsohon ɗankwali. Fuskarta ta kumbura, tafin ƙafafunta ma haka, tana numfashi da ƙyar, da na ɗaga leɓenta sai na ga dasashinta ya rikiɗe ya koma launin ƙasa. Na ce, "Hajiya, me aka ba ta?" Ta ce, "Wallahi Malam, jikinta na ji da zafi jiya da dare, rabin ƙwayar farasitamol kawai na jiƙa na ɗura mata." Tausayi ne ya sa ta yi haka, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani yadda ta ɗan Adam take yi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar kyanwa. Mun yi iya ƙoƙarinmu, amma ba ta kai la'asar ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan da kada ya taɓa ba kyanwa maganin mutum, kowane iri ne, sai da umarnin likitan dabbobi. Haka ma maganin kaska da ƙuma na kare ko na shanu, domin wasu suna ɗauke da famitirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu.

Kafin ta iso, a zagaya gidan a durƙushe, a dubi komai daga tsayinta. A kwashe maganin ɓera gaba ɗaya, domin ko ba ta ci shi kai tsaye ba tana iya cin ɓeran da ya ci, a kuma ɗauke tarkon gam. Idan za a fesa maganin sauro ko na kyankyaso, a fitar da ita da kwanoninta sai iska ta ratsa ɗakin. A rufe rijiya da duro, a gyara ragar taga da ta yage, musamman a gidan sama. A gidajen cikin birni, inda ɗinkin hula da aikin babbar riga suke sana'ar gado, a kula da zare da allura sosai. Harshen kyanwa yana da 'yan ƙayoyi masu kallon baya, don haka idan ta fara tauna zare ba ta iya tofarwa sai dai ta haɗiye, zaren kuma yana iya tattare hanji ya yanka shi. Wanda ya ga zare yana leƙowa daga bakinta ko duburarta kada ya ja, ya kai ta asibiti.

A ranar farko a sauke ta a ɗaki guda, da ruwanta da abincinta da robar yashinta, a rufe ƙofa. Za ta shige ƙarƙashin gado ko bayan kabad, wataƙila ta yini ba ta fito ba, kuma yara za su so su jawo ta da ƙafa. A hana su. Babba ya zauna a ƙasa kusa da wurin yana harkarsa, ya bar ta ta fito don kanta ta shinshina hannunsa. Cikin kwana biyu ko uku sai a buɗe mata sauran gidan. Kada kuma a zaci za a samu kyanwar Lami, wadda ba cizo ba yaƙushi. Karce abu ɗabi'arta ce, da shi take gyara farce take miƙe jiki, don haka a kafa mata gungumen icce ko katako da aka naɗe da igiya tun kafin ta zaɓi kujerar falo. A samar mata wurin hawa kusa da taga inda za ta kalli waje, a kuma riƙa wasa da ita kullum ko na minti goma ne, domin farautar da aka hana ta sai ta nemi mafita.

Zama a ɗaki ba ya ɗauke mata rigakafi, domin wasu cututtukan a takalmi da hannu ake shigo da su, kuma kowace kyanwa tana iya sulalewa waje wata rana. Ana fara allurar da ke kare ta daga murar kyanwa da mugun zawon da ke kashe ƙanana tun tana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ta kai kimanin mako 16. Allurar ciwon haukan kare kuma daga wata 3 ake yi, sannan a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma duk da cewa kusan duka daga cizon kare ne, kyanwa ma tana kamuwa tana kuma iya yaɗawa. Wanda baƙuwar kyanwa ta ciza ko ta karce ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana babu magani. Mu a Zariya mun yi sa'a, muna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ban da ofisoshin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu. A can za a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma daidai da nauyinta, a kuma buɗe mata kati.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 ko 5, cikinta kimanin kwana 63 ne, kuma tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Idan lokacin barbararta ya yi takan kwana tana kuka tana neman hanyar fita, muzuru kuwa yana fesa fitsari mai wari a bango. Wanda bai shirya wa 'ya'ya ba ya tattauna da likita kan aikin fiɗiya ko na cire mahaifa, wanda ake yi bayan an sa dabbar barci, kuma wanda yake da shakka kan hukuncinsa ya tambayi malaminsa tun da wuri.

Kyanwa tana ɓoye ciwo, shi ya sa mai ita zai riƙa lura da kwanon abinci da robar yashi kowace safiya. Idan ta yini ta kwana ba ta ci komai ba, ko tana yawan amai, ko tana numfashi da baki a buɗe, a kai ta asibiti ba tare da jiran gobe ba. Muzurun da ke ta zarya zuwa yashi yana yunƙuri fitsari ba ya fita, wataƙila mafitsararsa ce ta toshe, kuma wannan yana iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. A tanadi kwando mai murfi tun ranar farko don irin wannan tafiya, domin kyanwar da aka rungumo a hannu a kan babur ko Keke Napep takan firgita ta kufce a tsakiyar titi.