Wai me ake nufi da "konfarens tonamen" a ƙwallon besbol na jami'o'in Amurka?

Duk ƙarshen watan Mayu in kana leƙa shafukan wasanni na Amurka za ka ga kalmar nan tana ta yawo, kuma da yawa daga cikinmu da mun ji "konfarens" sai tunaninmu ya tafi kan taro, irin wanda ake zama a zaure da lasifika da ruwan gora a kan tebur ana gabatar da maƙala. To a nan ba haka ba ne sam. A wasannin jami'o'in Amurka konfarens na nufin rukunin jami'o'i da suka haɗa kansu suna buga wasa tsakaninsu duk shekara, kamar dai lig. Akwai SEC, akwai ACC, akwai Big 12 da Big Ten, sai ƙanana birjik.

Kakar besbol ɗin tana farawa tsakiyar Fabrairu, a yi ta bugawa har Mayu, yawanci wasa uku-uku duk ƙarshen mako da abokin karawa ɗaya. Wanda ya fi kowa cin wasa a rukuni shi ne zakaran kaka. Amma ba a tashi a nan ba, sai a kwashi ƙungiyoyin a kai su gari ɗaya a yi wata gajeriyar gasa ta ƙasa da mako guda, ita ce konfarens tonamen ɗin. Ka ɗauka an gama Firimiya yau, jibi kuma a ce duk ku taho fili ɗaya a buga kofi cikin kwana shida, wanda ya ɗauka ya samu kujerar babbar gasa ko da shi ne na can ƙasan tebur.

Wannan kujerar ita ce duk maganar. Babbar gasar ƙasa ta NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiya 64 take ɗauka. Wajen 30 daga ciki tikitin kai tsaye ne da ake ba zakarun rukunai, kuma a mafi yawan rukunan wanda ya ci wannan gasar ta ƙarshe shi ke tafiya da tikitin, ba wanda ya sha wahalar wata uku yana saman tebur ba. Sauran kujerun kwamiti ne ke zama ya raba bisa cancanta. Daga nan a raba su gida 16, huɗu-huɗu, a tace a sake tacewa har a samu 8 da za su je Omaha a jihar Nebraska, inda ake buga wasan ƙarshe tun 1950.

Shi ya sa gasar ba nauyinta ɗaya ba a wajen kowa. Ƙaramar jami'a da ke ƙaramin rukuni ta san kwamiti ba zai ko kalle ta ba, in ta faɗi a makon nan shi ke nan sai baɗi, ko da ta cinye kowa tun Fabrairu. Wallahi akwai rashin adalci a ciki, amma kuma daɗin kallon ke nan. Fresno State a 2008 ta wannan ƙofar ta shiga, ta ci gasar rukuninta na WAC, aka sa ta a matsayin ta huɗu a gidan da ta faɗa wato ta kashin baya, ta yi ta tafiya har ta doke Georgia ta ɗauki kofin ƙasa. Akwai ma waɗanda har suna gare su, ɓarayin tikiti, don in wadda ba a zata ba ta ci, zakaran kaka ya koma layin kwamiti, wata da ke bakin ƙofa ta rasa wuri ba ta ji ba ta gani ba.

Manya kuwa, irin 'yan SEC, labarinsu daban. Tasu a Hoover ake yi, jihar Alabama, tun 1998 ba a ɗaga ba, magoya baya su zo da manyan motocin nan masu ɗaki a ciki su yi sansani gefen filin kwana da kwanaki, ana gashin nama, wasa tun safe, in ruwan sama ya tsayar da shi a kai tsakar dare ana bugawa. Biki ne sosai. Sai dai rabin ƙungiyoyin sun riga sun san suna cikin 64 ɗin, kuma a besbol hannun mai jifa ba inji ba ne, in ya yi jifa sosai yau sai ya huta kwanaki, don haka koci mai hankali ba zai ƙona gwanayensa a Hoover ba alhali babban aiki na nan mako mai zuwa.

A da ƙungiya 12 ke zuwa kuma akwai zagayen da sai an doke ka sau biyu kake fita, rai biyu ke nan. Da Texas da Oklahoma suka shigo suka zama 16, a 2025 aka mayar da ita sili ɗaya ƙwale. A shekarar Vanderbilt ta ci Ole Miss ta ɗaga kofin, aka ba ta lamba 1 a duk ƙasar, sai ga shi an fitar da ita a zagayen farko a gidanta Nashville. LSU da aka kora a Hoover ita ta je Omaha ta ɗauki na ƙasa. Ita ma Ole Miss a 2022 wasa ɗaya ta buga a Hoover aka sallame ta, da ƙyar kwamiti ya cusa ta, ƙarshenta ita ce zakara. Tennessee dai a 2024 ta haɗa duka biyun, kar wani ya ce kofin Hoover na da baƙin jini.