Takarar Kansila a Kaduna da Alƙawarin Gyaran Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi

Wai me kansila zai iya yi wa unguwa?

Kansila ɗan majalisa ne, ba shi ke bayar da kwangila ba. Jihar Kaduna na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansilanta guda. Aikinsa shi ne ya zauna da takwarorinsa su yi dokokin ƙaramar hukuma, su tantance kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo kafin su amince, sannan su bi sawun ayyukan da aka ce za a yi.

Abubuwan da ƙaramar hukuma ke da hurumi a kansu kuwa suna cikin Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999: hanyoyin cikin unguwa, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, bandakunan jama'a, maƙabartu, har da raɗa wa layuka suna da sanya wa gidaje lamba. Mutane kan raina waɗannan, alhali su ne ke hana mai gida barci idan hadari ya haɗo a watan Agusta.

Idan matsalar unguwarmu ta fili ce, ko tsoron rusau fa?

A nan ne 'yan takara da yawa ke ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna. Takardar mallaka daga hukumar filaye ta jiha, KADGIS, take fitowa, izinin gini kuma daga hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, wadda ita ce ke shafa wa gini jan fenti idan ya saɓa tsari. Manyan tituna na hukumar hanyoyi ta jiha, KADRA, ne ko na gwamnatin tarayya. Gadar Kawo da sauran ayyukan sabunta birni da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019, duk jiha ce ta yi su. Don haka wanda ya hau mumbari ya ce yana cin zaɓe babu sauran rusau, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani yana yaudara.

Amma kada a ce kansila ba shi da abin yi. Unguwanni da yawa a Rigasa da bayan Mando da gefen Sabon Tasha awon igiya ne: an yanka filaye an sayar, ba a bar wa ruwa hanya ba, ba a ware filin makaranta ba, wani layin ma ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Kansilan da ya san abin da yake yi zai tara masu unguwanni da dillalan filaye tun kafin a yanka sabon waje, a ajiye faɗin hanya da filin asibiti a rubuce. Zai kuma ja mutanensa su je su daidaita takardunsu, ya tsaya musu idan maganar diyya ta taso. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, jajircewa yake ci.

Me ya sa aiki ke tsayawa a bakin iyaka?

Domin garin Kaduna ɗaya ne a ido, amma ƙananan hukumomi huɗu suka raba shi: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Rigasa, duk da cinkosonta, a ƙarƙashin Igabi take, mai hedkwata can Turunku. Ruwa kuwa bai san iyaka ba. Ledar da aka zuba a lambatu a tudu, mutanen gangare take ci, kamar yadda mazauna Kigo Road da sauran unguwannin bakin Kogin Kaduna suka sha gani. Mai takara kan magudana dole ya san kansilan mazaɓar da ke sama da tasa.

Zan iya tsayawa ba tare da jam'iyya ba?

A'a. Tsarin mulki bai ba da damar ɗan takara mai zaman kansa ba.

To ta ina ake farawa?

Daga katin jam'iyya a mazaɓarka, da katin zaɓe, da takardun makaranta waɗanda sunanka da ranar haihuwarka suka zo daidai a cikinsu. Hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ita ke shirya wannan zaɓen, ba INEC ba, kuma ita ke fitar da sharuɗɗa da jadawali. An yi zaɓen a 2018 da 2021 da na'ura mai ƙwaƙwalwa, abin da Kaduna ta riga kowace jiha yi, sai kuma aka yi wani zaɓen a watan Oktoban 2024, amma ba da na'ura ba.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, galibi a zaɓen fidda gwani ake gama wasan. A 2024 hukumar ta bayyana APC ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 baki ɗaya, 'yan adawa suka yi watsi da sakamakon. Haka lamarin yake a yawancin jihohi, ko wace jam'iyya ke mulki. Wanda bai saba da shugabannin jam'iyya na mazaɓa ba, ranar da za a zauna maslaha sai dai ya ji labari.

Ba an ce ƙananan hukumomi sun samu 'yancin kuɗi ba?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Aiwatarwa dai ta yi ta jan ƙafa. Ko kuɗin sun iso, hannun ciyaman za su shiga. Ƙarfin kansila shi ne ya nemi a nuna masa inda suka tafi.

Mutane kuɗi suke nema. Wa zai saurari maganar kwalbati?

Wanda ruwa ya taɓa shiga ɗakinsa zai saurara. Kada ka ce "zan kawo ci gaba", kowa ma haka yake cewa. Ka zaga mazaɓarka layi-layi bayan an ɗauke ruwan sama, ka rubuta inda yake kwanciya, da bolar da ta toshe hanya, da firamaren da rufinta ya yaye. Ka zaɓi uku ka kira su da sunan layinsu. Ka je wa mai unguwa da limami da fasto, da matan Islamiyya, da 'yan Keke Napep, don su suka fi kowa sanin ramukan titi. Idan ka taɓa jagorantar aikin gayya aka yashe lambatu, shi ne fastarka. Ranar zaɓe kuma ka tabbata kana da ejan a kowace rumfa, wanda zai tsaya har a ƙirga ya karɓo takardar sakamako.