Dogon eriya a kan bishiya: me doka ta hana, me ba ta hana ba?

Tun da aka ga wani matashi a gefen madatsar ruwa ta Dadin Kowa ya jefa siririyar waya a kan darbejiya, ya zauna a inuwa da ƙaramin akwatin rediyo da batir yana magana ta cikinsa, zance ya bazu a garin Gombe cewa duk wanda aka gani da irin wannan eriya infoma ne, kuma mallakarta kaɗai ta isa a ɗaure mutum. Wasu kuma suka ce tun da na'urar ba ta wuce ƙarfin wat 5 ba, babu ruwan hukuma da ita. Duka ɓangarorin biyu sun kauce.

Dokar da ke magana a nan ita ce dokar sadarwa marar waya ta 1961, tare da dokar sadarwa ta 2003, kuma abin da suka sa wa ido shi ne kafa tasha da aika saƙo ta iska ba tare da lasisi ba. Kamfanonin waya suna ƙarƙashin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, gidajen rediyo da talabijin suna ƙarƙashin hukumar kula da kafofin watsa labarai, NBC, zangunan rediyo da ba na kasuwanci ba kuwa ma'aikatar sadarwa ta tarayya ce ke kula da su. Dattijon da ya ɗaura waya a katanga domin sashen Hausa na BBC ya fito tangaram sauraro kawai yake yi.

Inda ake tuntuɓe shi ne batun ƙarancin ƙarfi. Wat 5 al'ada ce ta masu rediyon sha'awa, wato masu hira da juna ta rediyo don sha'awa kawai, waɗanda ke kiranta QRP, amma ba rangwamen doka ba ce. Wanda ya danna maɓallin magana ba shi da lasisi da lambar kira ta shaidar tasharsa, wadda a Najeriya take farawa da 5N, ya shiga hurumin tara ko ɗauri ko da a ƙafa ya zo da kayan cikin jakar goyo. Wannan ya haɗa da rediyon oba-oba da ake saye a kasuwa, domin sayarwa a fili ba izinin amfani ba ne. Shi ma mai lasisin yana da iyaka: ƙa'idojin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, sun hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa ko neman kuɗi da shi, kuma wajibi ne ya riƙa ambaton lambarsa. Mai kai wa ɓarayin daji rahoto ba ya sanar da sunansa ga duniya.

Tsawon wayar da ke tsorata jama'a lissafi ne ya kawo shi. Zangon mita 40, wato megahaz 7 zuwa 7.2 a yankinmu, yana son waya mai rabin tsawonsa, kusan mita 20, zangon mita 20 kuma kusan mita 10. Mai ƙaramin ƙarfi ba shi da rarar da zai yi asara, shi ya sa yake fifita doguwar waya da ake haɗawa ta ƙarshenta, wadda bishiya ɗaya ko sandar fatsa ta ishe ta, a kan gajeriyar eriya mai ɓarnar ƙarfi. Sai dai wannan wayar ta mita 20 tana aiki har a megahaz 14 da 21 da 28, don haka na'urar da ba ta da matatar sigina mai kyau za ta iya watsa sauti inda ba a nufa ba, kuma shiga zangon da aka ware wa wasu, laifi ne ko da lasisi a aljihu.

A ganina dokar ta yi daidai da ta nemi a san mai magana, amma hanyar neman takardar ta yi wa ɗalibin da ke Kaltungo ko Bajoga nisa, kuma da wuya a sami ɗan banga da ya taɓa ganin irinta balle ya tantance ta. Lasisin kuma bai ba kowa izinin shiga gonar wani ko kusantar shingen jami'an tsaro ba. Wanda zai fita Dutsen Bima da kayansa ya fara gaida mai unguwa, ya nuna masa takardar, sannan ya duba sama da kyau kafin ya jefa igiya, domin wayar lantarki na iya ratsawa ta bayan reshen.